Yadda Za Ka Gano Kowace Kafar USB A Kwamfutar Da Ka Haɗa, Ka Ba Ta Aikin Da Ya Dace Da Ita

Wani matashi mai ɗaukar bidiyon biki ya kawo mini kwamfutar da ya haɗa da hannunsa, ransa a ɓace. Ya zuba kuɗi ya sayi madabod mai kyau (babban allon da sauran sassan kwamfuta ke hawa a kai), ya sa faifan SSD, amma duk lokacin da zai kwashe aiki daga katin kyamara mai gigabait 128, sai ya share kusan awa guda yana kallon koren layi yana jan ciki. Na cire murfin gefe, na haska da tocilan waya. Wayar kafofin gaba, mai kaurin nan mai shuɗin kai, ta zauna a karkace, haƙori ɗaya ya lanƙwashe ya kwanta. Kafar tana karɓar na'ura, fitila tana kamawa, Windows ba ta ce uffan ba, sai dai gudun USB 2.0 kawai take bayarwa. Wata uku yana fama, yana zargin katin.

Abin da ya sa irin wannan matsala take ɓuya shi ne, ramin USB 3 guda ɗaya da kake gani a jikin akwati, kafa biyu ce a ciki. Ka leƙa bakin filash na USB 3 mai shiga cikinsa da haske: akwai haƙora 4 a gaba, su ne na tsohon tsarin USB 2.0 da ya fito a 2000, mai gudun megabit 480 a daƙiƙa. Can ciki kuma akwai wasu 5, waɗanda USB 3.0 ya zo da su a 2008, masu gudun gigabit 5. Kowane rukuni da hanyarsa, kuma kwamfuta tana ba kowanne lambarsa daban. Ɗaya na iya mutuwa ɗayan yana aiki lafiya lau. In ka riƙe wannan, duk sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

Kayan da za ka tanada kaɗan ne: littafin madabod ɗinka, takarda da biro, filash na USB 3 wanda ka tabbata na gaske ne, tsohon filash na USB 2.0 ko linzamin kwamfuta mai waya, da wata na'ura mai kan USB-C in akwatinka yana da irin kafar. Ka ƙara da farin tef na takarda da maka.

Mataki na farko: wayoyin ciki

Kashe kwamfuta, kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta, zare wayar daga soket, sannan ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ta maƙale ta fita. Kada ka ce ai an ɗauke wuta, ana iya dawo da ita hannunka yana ciki. Kuma ko kwamfuta a kashe take, muddin wayarta tana jone, akwai volt 5 da ke zagayawa a madabod. Lokacin hunturu kuwa, da iska take bushe, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa wani abu a ciki, saboda ɗan tartsatsin nan da ke fita daga yatsa in ka cire rigar sanyi ya isa ya lalata ƙaramin sashe.

Mazaunan USB a kan madabod, waɗanda masu gyara ke kira heda, iri uku ne.

Na USB 2.0 yana da gurbi 10 a layi biyu, amma haƙora 9 ne, gurbi ɗaya a kusurwa ba komai. Yawanci a gindin madabod yake, an rubuta F_USB1 ko JUSB1 ko USB_12 a gefensa, gwargwadon kamfani. Guda ɗaya yana ɗaukar kafa biyu. A nan sababbin hannu suka fi yin kuskure, domin hedar sauti ta gaba, mai rubutun HD_AUDIO ko AAFP, kamarsu ɗaya. Bambancin yana wurin gurbin da babu haƙori: a ta USB yana ƙarshen layi, a ta sauti kuwa shi ne na biyu daga ƙarshe. In kan waya ya ƙi shiga, to ba gidansa ba ne, kada ka tilasta. Tsofaffin madabod suna da wata heda ta 1394 da ita ma take kama da ta USB, kuma wutar da take bayarwa ta fi ƙarfin na'urar USB, tana ƙona ta. In akwatinka irin na da ne, mai wayoyi a warware ɗaya-ɗaya, jerin shi ne ja, fari, kore, baƙi: ja shi ne wuta, fari da kore su ne na bayanai, baƙi na ƙasa, yana ɓangaren gurbin da babu haƙori. Ka duba zanen littafi kafin ka soka, domin juya ja da baƙi yana kashe filash nan take.

Na USB 3 mai haƙora 19 shi ne wanda ya wahalar da matashin nan. Haƙoransa sirara ne kamar allura, wayarsa kuma mai taurin kai ce, tana jan kanta gefe. Akwai ɗan tudu a jikin kan wayar da ya dace da tsaga a jikin mazaunin. Daidaita su, riƙe kan a miƙe, danna a hankali har ya zauna daram. Kafin ka soka, lanƙwasa wayar ta ɗauki hanyar da za ta bi, bayan ka soka kuma ka ɗaure ta a jikin akwati don nauyinta kada ya rataya a kan haƙoran. Ranar cirewa ka riƙa girgiza shi kaɗan-kaɗan ta tsawo, domin sau da yawa robar mazaunin takan biyo wayar ta fito. In haƙori ya lanƙwashe, bakin fensirin nan mai dannawa, wanda aka zare masa gawayi, yana iya shiga kansa ya miƙar da shi. Sau ɗaya za ka gwada, a hankali. Na biyu yakan karye.

Na uku ƙarami ne mai bangon ƙarfe, shi ke kai USB-C zuwa gaban akwati, kuma kafa ɗaya yake ɗauka. Ba kowace madabod ke da shi ba. Tun ran gini ran zane: kafin ka sayi akwati mai USB-C a gaba, ka tabbata madabod ɗin tana da inda za a soka shi.

Ka kuma ƙirga masu cin hedar USB 2.0 a ciki ba tare da sun fito waje ba: famfon sanyaya na ruwa, akwatin sarrafa fitilu masu launi, da katin Wi-Fi na PCIe, wanda Bluetooth ɗinsa ba ya aiki sai an ja masa waya zuwa hedar. Mutum zai ga Wi-Fi yana aiki, Bluetooth babu, ya yi ta sauke direba a banza. Rubuta wace na'ura ke kan wace heda tun yanzu da murfi yake buɗe.

Mataki na biyu: BIOS

Kunna, ka riƙa danna Del ko F2 don shiga BIOS, wato saitin madabod da ke tashi kafin Windows. Nemi USB Configuration, galibi ƙarƙashin Advanced ko Settings. Bar Legacy USB Support a kunne don kibod da filash su yi aiki kafin Windows ta tashi. XHCI Hand-off ba ya cutar da Windows 10 ko 11 in yana kunne, macOS kuwa tana buƙatarsa. A madabod ɗin ASUS akwai USB Single Port Control, inda ake kunna ko kashe kafofi ɗaya bayan ɗaya, sai ka tabbata babu wadda aka kashe. ErP kuma, in ka kunna shi, yana yanke wutar USB bayan an kashe kwamfuta, saboda haka mai son cajin waya da dare ya bar shi a kashe, wanda fitilun kibod ke hana shi barci ya kunna.

Mai furosesar AMD da madabod ɗinsa ke da cifset B550 ko X570 (cifset shi ne babban cif ɗin da ke kula da yawancin kafofin madabod), in na'urorinsa suna yankewa suna dawowa haka kawai, ya duba shekarun BIOS ɗinsa. An yi wannan matsala, kuma a 2021 AMD ta fitar da gyara a AGESA 1.2.0.2, wato manhajarta da ke cikin BIOS. Duk BIOS ɗin da ya zo bayan nan yana ɗauke da shi.

Mataki na uku: zana taswira

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane ke tsallakewa. Zana bayan kwamfutarka a takarda yadda yake, kowace kafa da ɗan akwatinta, ka sa musu suna: B1, B2, B3 na baya daga sama zuwa ƙasa, G1, G2 na gaba.

Kada ka dogara da launi. An saba baƙi na nufin 2.0, shuɗi gigabit 5, ja ko shuɗi mai haske gigabit 10, amma al'ada ce kawai, kowane kamfani yana yin yadda ya ga dama. Sunayen ma sun rikice: USB 3.0, da USB 3.1 Gen 1, da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, gigabit 5. Gen 2 shi ne gigabit 10, Gen 2x2 kuma gigabit 20, wanda sai ta USB-C ake samunsa. Gani ya kori ji, gwadawa za ka yi.

A Windows, manhajar da na fi yarda da ita ita ce USB Device Tree Viewer ta Uwe Sieber. Kyauta ce, ba a girka ta, buɗewa kawai ake yi. A hagu za ka ga bishiya: kwanturola (sashen da ke sarrafa kafofin USB) a sama, Root Hub a ƙarƙashinta, sai kafofi a jere da lambobinsu. Kwamfutar Intel galibi babbar kwanturola ɗaya take da ita a cifset, wani lokaci da ƙarin ta ASMedia. Ta Ryzen kuwa takan nuna biyu ko fiye, domin wasu kafofin daga furosesa suke fitowa kai tsaye, wasu daga cifset.

Ɗauki tsohon filash na 2.0, soka a B1. Layi ɗaya zai cika a bishiyar. Rubuta kwanturolar da lambar kafar a cikin akwatin B1 na takardarka. Zare, soka filash na USB 3 a ramin nan dai. Yanzu wani layi daban ne zai cika, mai lamba ta can ƙasa, da ɗan harafin S a jikin alamarsa maimakon H. Rubuta wannan ma. Misali B1 tana iya zama kafa 3 ga na'urar 2.0, ta zama kafa 19 ga na'urar USB 3. Su biyun abokan zama ne, kuma a bayanin da ke dama manhajar takan nuna lambar abokiyar. Haka za ka bi su duka, har na gaba.

Akwai wani abu da ke ruɗar mutane a nan. In ka tura filash na USB 3 a hankali, haƙoran gaba su ke fara haɗuwa, sai kwamfuta ta yi masa rajista a matsayin 2.0 kafin na cikin su taɓa. Ka tura shi gaba ɗaya a tashi guda. In ka yi haka sau biyu ko uku a shuɗiyar kafa har yanzu H kake gani, to akwai matsala a kafar ko a wayarta, sai ka koma kan hedar mai haƙora 19.

USB-C sau biyu ake gwada ta: soka, rubuta lamba, zare, juya kan, sake sokawa. Wata takan bayyana a lamba ɗaya ta kowane ɓangare, wata kuma lamba biyu daban. Rubuta abin da ka gani, zai yi amfani a gaba. In ko ka juya kan ba ta ba da gudu ba, ka fara zargin wayar da kake gwaji da ita, domin yawancin wayoyin caji na USB-C gudun 2.0 kawai suke ɗauka.

Wanda ba ya son sauke komai yana iya buɗe Device Manager, ya shiga View, ya zaɓi Devices by connection, ya bi bishiyar har zuwa USB xHCI. Yana aiki, sai dai ba ya nuna kafofin da babu komai a kansu. A Linux umarnin lsusb -t ya wadatar: ƙarshen kowane layi yana nuna 12M, 480M, 5000M ko 10000M, gudun da na'urar ta samu ke nan.

Daga nan ka yi gwajin gaske. Kwafi babban fayil guda ɗaya, kamar bidiyo mai gigabait 4 ko 5, daga faifan waje. Kafar 2.0 ba ta cika wuce megabait 30 zuwa 40 a daƙiƙa ba. Ta gigabit 5 da SSD na waje takan kai wajen 400.

Mataki na huɗu: rabon aiki

Yanzu ka san gidan kowa. Kibod, linzami, firinta, wayar UPS, duk ba sa buƙatar gudu, ka ba su kafofin 2.0. Ɓarna ce a ɗora kibod a kan kafar gigabit 10 alhali faifan aiki yana kan ta 2.0.

Ɗan kan linzami mara waya da na Bluetooth su ma 2.0 za ka ba su, kuma ka nisanta su da duk inda faifan USB 3 yake. Zirga-zirgar bayanai a USB 3 tana fitar da hayaniya a kusa da zangon gigahaz 2.4, wanda shi ne zangon da waɗannan na'urori ke magana a kai, Intel ma ta yi rubutu a kan haka a 2012. Alamar ita ce linzami ya riƙa tsalle ko sanƙarewa daidai lokacin da kake kwafin fayil. Maganinsa 'yar gajeriyar wayar ƙari ta 2.0, ka jawo kan zuwa saman tebur.

Na'urori masu cin hanya, wato katin ɗaukar bidiyo, kyamarar yaɗa shiri kai tsaye, akwatin sauti na situdiyo da SSD na waje, ka raba su tsakanin kwanturololi in kana da fiye da ɗaya. A Ryzen nakan ɗora akwatin sauti ko katin bidiyo a kafar da ke fitowa daga furosesa, in bar faifai a kan cifset. Kuma ka duba taswirarka: in ka ga kafofi huɗu a ƙarƙashin wani Hub guda a cikin bishiyar, to hanya ɗaya suke rabawa, kada ka tara manyan na'urori a kansu.

Wuta ma abin lura ce. Ƙa'idar 2.0 miliyamfiya 500 ce, ta USB 3 kuwa 900. Faifan waje mai juyawa da ke ƙara ƙas-ƙas yana ɓacewa, yawanci yunwar wuta ce. Mayar da shi baya, kai tsaye a jikin madabod, da gajeriyar waya. Kafofin gaba na abin da ake sokawa a zare ne, kamar filash da waya.

In akwai kafar da aka zagaye da layi aka rubuta BIOS, ita ce ake sabunta BIOS da ita ko babu furosesa, da filash mai tsarin FAT32. Tana aiki kamar kowace kafa, amma ka sa mata alama a takardarka.

Mataki na biyar: hana lambobi yawo

Masu firintar rasit, masu Arduino, da masu filashin ɗin waya sun san wannan ciwon kai: yau lambar da Windows ta ba na'ura COM3 ce, gobe ta koma COM7, manhaja ta ce ba ta gan ta ba. Dalilin shi ne na'urori masu cif irin CH340 ba su da lambar shaida tasu, saboda haka Windows tana gane su ne da ramin da aka soka su. Sauya rami, a ba ka sabuwar lamba. Zaɓi rami ɗaya, liƙa masa tef da sunan na'urar, sannan a Device Manager ka buɗe Ports, ka danna na'urar sau biyu, Port Settings, Advanced, ka zaɓi COM Port Number ɗin da kake so. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa ganin lamba mai girma, gara ka zaɓi ƙasa da 10.

Faifan ajiya kuma a Disk Management ake ba shi harafi, ta Change Drive Letter and Paths. Ba shi na can ƙarshe, kamar X ko Y, don wani filash kada ya riga shi zama a kai.

A Linux ka leƙa /dev/serial/by-path, sunayen da ke wurin suna bin rami ne, ba sa sauyawa. In kana son suna naka, ƙirƙiri fayil a /etc/udev/rules.d/ mai suna 99-usb.rules, ka sa layi irin wannan, ka maye gurbin 1-4 da lambar da dmesg ya nuna maka lokacin da ka soka na'urar:

SUBSYSTEM=="tty", KERNELS=="1-4", SYMLINK+="firinta"

Sai ka ba da umarnin sudo udevadm control --reload-rules, ka zare ka mayar. Daga nan /dev/firinta yana nan kullum.

In na'ura tana yankewa bayan an ɗan bar ta, Windows ce ke kwantar da kafar don tsimin wuta. A Power Options, Change advanced power settings, USB settings, ka kashe USB selective suspend. Kwamfutar tebur ba ta da batirin da za a yi wa tattali, ban ga amfanin barinsa ga mai aikin sauti ko bidiyo ba.

Ga masu ɗora macOS

Lasisin Apple bai yarda a ɗora macOS a kan kwamfutar da ba tasa ba, kuma macOS 26 Tahoe ita ce ta ƙarshe da za ta hau furosesar Intel, wannan ya kamata kowa ya sani kafin ya shiga. Amma ga wanda ya riga ya shiga, taswirar USB wajibi ce. Tun El Capitan a 2015, macOS ba ta karɓar fiye da kafa 15 a kan kwanturola ɗaya, kuma ka tuna kowane ramin USB 3 biyu yake ci. Madabod irin ta Z390 tana nuna sama da 20. Na 2.0, masu suna HS01, HS02, su ke fara shiga lissafi, sai gurbi ya ƙare kafin a zo kan na USB 3, masu suna SS01, SS02, kafofinka masu gudu su koma 2.0. Dabarar XhciPortLimit da ake tsallake wannan iyaka da ita ta taɓa daina aiki yadda ya kamata lokacin da macOS 11.3 ta fito.

Hanya mafi sauƙi ita ce USBToolBox, kuma daga Windows ake yin ta, inda babu iyakar 15. Buɗe ta, danna D, ka bi ramuka da na'urorin gwajinka kamar yadda ka yi a mataki na uku, kana ɗan jira a kowanne har layin ya sauya launi. Koma baya, danna S. Kashe duk kafar da ba ta kai ko'ina ba, sannan ka rage sauran zuwa 15 ko ƙasa. Nan takardarka za ta yi maka rana: kana iya sadaukar da rami gaba ɗaya, ko ka bar ɓangaren 2.0 kawai a ramin da kibod zai zauna.

Kowace kafa sai an faɗi nau'inta. Lamba 0 ta ramin 2.0 ce zalla. Lamba 3 ta ramin USB 3 ce, kuma duka abokan zaman biyu, HS da SS, 3 za ka sa musu. USB-C da ta nuna lamba ɗaya ko ka juya kai 9 ce, wadda ta nuna biyu 10 ce, tana kuma cin gurbi uku. Duk abin da ke zaune a ciki dindindin, musamman Bluetooth, 255 ne. In ka manta wannan, kwamfuta za ta riƙa farkawa daga barci da zarar ta kwanta. Danna K ta haɗa maka UTBMap.kext, fayil ɗin taswirar, ka sa shi tare da USBToolBox.kext a EFI/OC/Kexts na OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS, ka shigar da su a config.plist da USBToolBox.kext a sama, ka cire UTBDefault.kext da USBInjectAll in suna nan, ka kashe XhciPortLimit. Kafin duk wannan ka ajiye kwafin EFI mai aiki a filash, domin in ka kashe kafar da kibod yake bisa kuskure, da shi za ka dawo.

Bayan ka sake kunnawa, bi ramukan sau ɗaya da filash biyun nan, ka tabbatar kowanne yana ba da gudun da ka rubuta. Ɗauki hoton takardar da waya, ka ninke ta, ka manna ta da tef a cikin murfin gefe ta ɓangaren da wayoyi suke, nesa da fanka.